Gishiri a Masarar Yaya

Likitan bai zauna ba, ita ma bai ce ta zauna ba. A barandar sashen wankin ƙoda ya tsayar da ita, kusa da inda ake jera kekunan marasa lafiya, ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa ya mayar. Auta ta shekara uku tana zuwa wurin nan duk Litinin da Laraba da Juma'a, ta san likitan sarai, ta kuma san ba ya goge tabarau sai magana ta yi masa nauyi. Ya ce zuciyar yayanta ba za ta ƙara ɗaukar injin ba. Sau biyu ke nan a mako ɗaya jininsa na faɗuwa ana tsakiyar wanki, yau kuwa sai da suka cire shi tun ba a yi rabi ba. In aka sake ɗora shi, a kan kujerar injin zai cika. In aka bar shi, kwanaki ne, wataƙila mako biyu, amma a gida, a kan gadonsa.

Ta tambayi abin da za ta riƙa ba shi ya ci. Tambayar da ta saba yi ce, har ta buɗe ɗan littafinta ta cire murfin biro.

"Duk abin da ransa ke so," in ji likitan. "Malama, ki rufe littafin nan."

Sai ya tambaye ta ko shi zai shiga ya gaya masa, ko ita za ta yi. Da ta san abin da ke gabanta da ta bar wa mutum aikinsa, tunda shi aka koya wa irin wannan magana a makaranta. Amma Auta ba ta taɓa yarda akwai wanda ya fi ta sanin yadda ake bi da Yaya ba, don haka ta ce ita za ta faɗa. A mota, da Yaya ya tambaye ta abin da suka daɗe suna ƙus-ƙus a kai, ta ce an ba shi hutu har Litinin. Ya ce madalla, dama bayansa ya gaji da kujerar nan.

Su biyu suka rage wa juna. Shi ne babba, ita ce auta, tsakaninsu shekara goma sha ɗaya da kaburbura uku. Unguwa na kiransa Mai Sanyi saboda sana'arsa ta gyaran firij, ko da yake ban da sana'ar babu abin da ke da sanyi a tare da shi, mutum ne mai surutu da tsokana, wanda zai shiga gida gyaran firij ya fito ya san sunan kowace jika. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a wani gari mai nisan kwana guda a mota. Auta kuwa ma'aikaciyar gidan waya ce, shekara ashirin da biyu tana ɗora kayan mutane a sikeli tana gaya musu sun wuce da giram goma. Aurenta bai yi tsawon rai ba, ba ta kuma nemi wani ba. Da ciwo ya kama Yaya ta kwaso akwatunanta ta dawo ɗakin da ke kallon nasa, a hawa na biyu na benen da yake haya.

Shekara takwas da suka wuce ne ƙodojinsa suka tsaya. Aka gwada jinin dangi, nata ya dace, ba ta ko tsaya shawara da kowa ba ta ce a cire ƙodarta ɗaya a ba shi. Suka tafi Indiya aka yi dashen, suka yi wata uku a wani ɗaki kusa da asibitin. A bakin ƙofar asibitin akwai wani tsoho mai amalanke da ke sayar da masara a kofin takarda. Masara ce mai zaƙi, irin mai laushin nan ruwan ƙwai. Yakan tsamo ta da zafinta ya jefa mata bota, ya watsa albasa da tumatir da ɗanyen barkono, ya barbaɗa wani gari mai launin ƙasa, sannan ya matse lemun tsami da hannu ɗaya yana korar ƙuda da ɗayan. An hana Yaya abincin titi, kuma Auta ta tsare ƙofa. Wata uku yana shaƙar ƙamshin nan ta taga. Ranar da za su dawo, tana can tana rigima da mai tasi a kan akwatuna, ya sulale. A bayan rumfar masu gadi ta same shi da kofi a hannu, yaji ya sa hawaye na bin kumatunsa, yana dariya. Sau ɗaya ya ci masarar nan a rayuwarsa, amma babu wanda ya taɓa zama da shi awa guda bai ji labarinta ba.

Ƙodar ta yi masa aiki shekara biyar cif, sannan ta fara ja da baya. Auta ta ɗauki abin tamkar laifinta ne, kamar ta ba shi kaya marar kyau. Likita ya ce a rage gishiri. Rage ya ce. Ita kuwa ta dawo gida ta ɗauki robar gishirin ta juye a shara, ta bi da dunƙulen ɗanɗano, ta kuma sa wa kanta dokar tare da shi, don ba za ta ci mai daɗi yana kallo ba. Ta samo kwalba ta yi mata zane-zane da jan farce, iya ruwan da zai sha ke nan a yini. Ta sayo ƙaramin sikeli ta ajiye a kicin kusa da murhun gas. Shinkafa a aune, kifi a aune, kankana ma yanka ɗaya a mako, shi ma sai ya hau sikeli.

Masarar ma ba ta hana shi ba, gyara ta ta yi. Takan tafasa ƙwayoyin ta zubar da ruwan, ta sake tafasawa ta sake zubarwa, kamar yadda nas mai kula da abinci ta koya mata. Ta auna giram tamanin. Tumatir kwata, a cire 'ya'yan. Bota babu. Garin nan na Indiyawa, da ta gano akwai gishiri a cikinsa, sai ta haɗa nata: ta yanka ɗanyen mangwaro ta shanya a baranda, ta daka da soyayyen kumin, wani kayan ƙamshi nasu. Lemun tsami ne kawai take sakar wa hannu, don shi ke rufe asirin abincin da ba gishiri. Yaya na kiranta masarar gidan waya. Duk ranar da ta ajiye masa sai ya juya kwanon ya duba gefe da gefe, ya ce saura ta manna mata kan sarki. Sai ya roƙi ɗan gishiri, ko ƙwaya uku, ita kuma ta ce ƙodarta ce a cikinsa, ba za a jiƙa mata ita a ruwan gishiri tana raye ba. Haka suke yi duk mako, har abin ya zame musu kamar gaisuwa.

Ranar Alhamis sau uku tana ɗaukar maganar tana ajiyewa. Da safe ta kai masa shayi ta zauna a bakin gado, ta ce, "Yaya," shi kuwa ya ɗauko labarin wani mai shagon magani da ya kira shi a waya firij ɗinsa na ƙara, ya ce ta saurara ta ji, daga jin ƙarar ta waya ya gane fanka ce ta taɓa ƙanƙara. Yana ba da labarin yana tsayawa neman numfashi, ƙafafunsa sun kumbura har fatar na sheƙi. Da azahar ta sake shiga, ta same shi yana barci a zaune, baki buɗe, ta tsaya tana ƙirga numfashinsa har ta ji tsoron kanta ta fita. Da la'asar 'yarsa ta kira, suka yi ta hira da jikoki, ya ce musu kada su damu da zuwa sai an yi hutun makaranta. Hutun makaranta saura wata biyu. Auta na tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, ta ji kamar ta ƙwace wayar ta yi ihu. Ba za ta iya gaya wa 'yar abin da ba ta gaya wa uban ba, kowace rana kuma da ta wuce, daga cikin 'yan kwanakin da suka rage masa take fita.

Matsalar ita ce bakinta bai iya irin wannan magana ba. Ya iya faɗa, ya iya hani, ya iya ce wa mutum kayansa sun yi nauyi. Shekara uku aikinta ke nan ta tsaya tsakanin Yaya da mutuwa da ludayi a hannu, yanzu kuma an ce ita za ta matsa gefe ta ce bismilla.

Da ya ajiye wayar ya dube ta ya ce gobe Juma'a, tunda an ba shi hutu ai sai a yi biki, a yi masa masara. Ya ƙara da abin da ya saba, wai irin ta tsohon nan, ba ta gidan waya ba. Ta buɗe baki za ta ba shi amsar da ta saba, sai amsar ta maƙale. A nan dabarar ta zo mata. Yaya ba yaro ba ne, ya san ta kamar yunwar cikinsa. In ya kai cokali baki ya ji gishiri daga hannunta, ba sai ta ce komai ba, zai gane. Ta ji kunyar dabarar, don ta san tsoro ne ya haife ta, amma ba ta da wata.

Da safiyar Juma'a ta kira wurin aiki ta ce ba za ta zo ba. Ta hau motar haya ta wuce kasuwarsu, ta sauka a babban kantin da baƙi ke sayayya, mai ƙofar gilashi da sanyi kamar cikin firij. Ta zaɓi masara shida tana ɓare bakin kowace ta danna ƙwaya da farce, sai wadda ta fitar da ruwa fari kamar madara take ɗauka. Ta ɗauki bota. A layin kayan ƙamshi ta sami garin, cat masala, a ɗan kwali mai hoton 'ya'yan itace. Sau da yawa a baya ta ɗauki kwalin nan ta karanta bayansa ta mayar. Yau ta jefa shi a kwando ba ta karanta ba. Ta ƙara da jar albasa, da tumatir manya guda biyu, da koren barkono, da ɗaurin ganyen nan mai ƙamshi da Indiyawa ke kira daniya. A kusa da wurin biya ta ga kofunan takarda, ta ɗauki ƙunshi ɗaya. Yarinyar da ke kan injin ta ce da alama yau akwai baƙi a gida, Auta ta ce eh.

Tana shiga kicin ta ɗaura zani a kan rigarta ta hau aiki. Ta ɓare uku daga cikin masarar ta tsince gemun, ta tsayar da kowace a faranti ta bi ta da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, ƙwayoyin na zubowa suna tsalle. Daga ɗakinsa Yaya ya ɗago murya ya ce yana jin ƙarar wuƙa, kada ta manta da sikeli. Ta ce ya kwanta ya bar masu aiki su yi aiki.

Sabo turken wawa. Ruwa na tafasa ta juye masarar a kwandon tsanewa, ta zuba sabon ruwa ta mayar, ta sake tafasawa, ta sake zubarwa. Sai da ta ga kwanon a kan sikeli, allura na rawa tsakanin tamanin da casa'in, yatsunta na rage ƙwaya uku-uku, sannan ta farga da abin da take yi. Ta ɗanɗana ƙwaya ɗaya. Zaƙin duk ya bi ruwa, sai ɓawo. Ta tsaya tana kallon sikelin, sannan ta ɗauke shi ta ɗora can saman kabad inda hannunta ba ya kaiwa sai da kujera. Masara uku suka rage. Ta sake ɗaukar wuƙa.

Ta ɗora ruwa kaɗan, iya wanda zai rufe ƙwayoyin, ta miƙa hannu inda kowace mace ke miƙawa, sai hannun ya dawo wayam. Babu gishiri a gidan. Ta zagaye kantin nan kaf, ta wuce ta gaban buhunan gishiri har sau biyu, amma hannun da ya shekara uku bai ɗauka ba bai tuna ba. Ta rage wuta ta ɗauki ɗan kofi ta fita.

Ƙofar da ke kallon tasu ta Maman Biyu ce, tela, wadda kekenta ke ƙara tun safe har yamma. Sun taɓa yin wata biyu ba sa gaisawa, saboda ta aiko wa Yaya farfesun kaza da kyakkyawar niyya, Auta ta ɗanɗana ta mayar mata da kwanon da ƙafarta, ta haɗa da wa'azi a bakin ƙofa. Sun shirya daga baya, amma tun daga ranar duk benen ya san ba a kai gishiri gidan Mai Sanyi.

Keken ya tsaya. Maman Biyu ta buɗe ƙofa, tef a rataye a wuyanta, allura a baki. Suka gaisa, ta tambayi mai jiki.

"Gishiri za ki ɗan sam mini," in ji Auta.

Maman Biyu ta cire allurar daga bakinta. Ta dubi kofin, ta dubi fuskar Auta, ta daɗe tana duba. Da wata ce da ta yi tsokana, ta ce yau rana ta fito daga yamma. Ita kuwa sai ta karɓi kofin. Ta shiga ciki ta dawo da kofin cike, ta sa shi a hannun Auta ta rufe da nata hannayen biyu, idanunta sun kawo ruwa. Ta ce Allah ya sa kaffara ne, in ana bukatar wani abu ko wane lokaci ne a buga mata ƙofa. Auta ta gyaɗa kai ta juya da sauri. Abin ya ba ta tsoro, ya kuma ƙarfafa mata gwiwa: ashe gishirin na magana, ga shi maƙwabciya ta ji.

Wannan karon minti biyar kawai ta ba masarar a ruwan gishiri. Ta tsane, ta narka bota a kasko, cokali biyu ba tare da ta shafe bakin cokalin ba, ta juye ƙwayoyin tana motsawa har wasu suka fara yin ja suna fashewa. Ƙamshin ya cika kicin ya fita falo. Ta yanka albasa ƙanana-ƙanana, tumatir ɗaya sukutum da 'ya'yansa, barkono biyu, ta tsittsinke ganyen da hannu. Da ta yage kwalin garin wani wari ya bugi hancinta kamar na dafaffen ƙwai, warin baƙin gishirin da ke ciki, nan take ta ga ƙofar asibitin nan da hayaniyar masu babur, da Yaya na wancan lokacin, mai ƙiba, mai sabuwar ƙoda, yana ɓoye kofi a bayansa. Ta barbaɗa cokali guda. Ta ɗebo gishirin Maman Biyu ta watsa. Ta matse lemun tsami biyu a kai ta juya, sannan ta cika kofin takarda har ya yi tozo, ta soka ƙaramin cokali a tsakiya.

Ta same shi ya jingina da filo uku, taga a buɗe, rana ta faɗo a kan bargon da ya rufe ƙafafunsa. Da ya ga kofin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce yau har da kayan aiki, saura amalanke da ƙuda. Ta miƙa masa ta zauna a kujerar da ke gefen gado, ta haɗa hannuwa a cinya.

Ya ɗebo cokali ɗaya ya kai baki. Ya tauna a hankali, ido a lumshe. Ta zuba wa fuskarsa ido tana jiran inda za ta canza. Ya haɗiye, ya ɗebo na biyu, ya tauna, ya buɗe ido ya girgiza kai yana murmushi.

"Auta ke nan. Kin canza kofi, ba ki canza hali ba. Ko ƙwaya uku?"

Ba ta gane ba da farko. Ta dubi kofin, bota na sheƙi a jikin ƙwayoyin, garin ya yi musu ɗigo-ɗigo.

"Ba komai," in ji shi, ya ɗebo na uku. "Wallahi har na ji daɗi. Shekaranjiya da na ga likitan nan ya ja ki gefe, gabana ya faɗi. Kwana biyu ina kallonki ina jira. To tunda har yanzu kina yi mini rowa, ashe da sauran aiki a gaba."

Da ta yi shiru da shi ke nan. Ƙofa ce a buɗe, ba sai ta yi ƙarya ba ma, ta dai ce ya ci abincinsa ya daina surutu, kamar kullum. Zai yi barcin rana da sanyin zuciya, ya tashi gobe, ya tashi jibi, ranar Litinin ya sa hularsa ya zauna jiran mota. 'Yarsa kuma ta zo bayan an share ɗaki. Auta ta so ta yi shirun, ta so ƙwarai, ba ta taɓa son wani abu haka ba. Ta kama gefen kujerar da hannu biyu.

"Na sa, Yaya."

Cokalin ya tsaya a hanya.

"Na sa gishiri. A ruwan tafasa na sa, na ƙara a kai. Da bota, da garinsu na kwali. Ban auna komai ba."

Ya mayar da cokalin cikin kofi. Ya dubi masarar, ya dubi taga. A ƙasa wani mai mota na ta danna ham, keken Maman Biyu kuma bai sake tashi ba tun ɗazu. Auta na kuka yanzu, ba sauti, hawayen na sauka a kan zanin da ta manta ba ta kwance ba. Da bakin ya buɗe sai sauran maganar ta biyo, ta gaya masa duk abin da likita ya faɗa, yadda ya faɗa, ba ta rage ba. Ya saurara bai katse ta ba, abin da bai taɓa yi ba tun tana yarinya. Ya tambayi kwana nawa, ta faɗa. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa kuɗin wani ƙarfe da ya riga ya yi zato. Ya ce in an jima ta kira masa 'yarsa, su taho gobe da yaran, makaranta ba za ta gudu ba. Ya ce ta daina kukan nan, ta yi abin da ko uwa sai haka.

Sannan ya sake ɗaukar cokalin, ya ɗebo da yawa, ya riƙe a baki ya daɗe, yana juya shi da harshe kamar mai neman ƙaya a kifi. Ya haɗiye da ƙyar.

"Babu," ya ce. "Wata uku ke nan komai na sa a baki ƙarfe nake ji. Shayi ƙarfe, shinkafa ƙarfe. Ban gaya miki ba, don na san za ki ɗauko littafi. Roƙon gishirin kuma, to, in na daina me za mu riƙa faɗa a kai?"

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Shekara uku tana hana shi lokacin da harshensa ke ji, sai da ya daina ji ta kawo. Ta fara cewa ya yafe mata, da ta sani da ko sau ɗaya a wata ta bar shi. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, ya ce ba don rowarta ba da tuni ciyawa ta tsiro a kansa, kada ta ɓata masa biki. Ya turo mata kofin a kan bargo.

"Ungo. Ci ki gaya mini."

Ta ce ba za ta iya haɗiye komai ba. Ya ce shi ne babba, kuma bai mutu ba tukuna. Ta karɓi kofin, ta goge fuska da bayan hannu, ta kai cokali baki. Harshen da ya shekara uku bai taɓa gishiri ba ya ji shi kamar mari, yawu ya cika mata baki, sai da ta runtse ido.

"To?" in ji shi. Ya mayar da kai kan filo ya lumshe ido. "A hankali. Me ya fara zuwa?"

Ta ce tsami ne ya fara, lemun, tun kafin ta tauna, har cikin haƙora. Ya ce haka ne, sai me. Ta ce sai gishirin da garin tare, da ɗan warin ƙwai ɗin nan da ke hawa hanci. Da ta tauna sai ƙwayar ta fashe, zaƙi ya fito da ɗumi, bota ta bi bayansa ta kwantar da komai. Albasa na ƙaras-ƙaras. Ya tambayi yajin, ya ce na tsohon sai daga baya yake kamawa, a maƙogwaro. Ta ce ga shi nan yanzu ya iso, har kunnenta ya ɗauki zafi.

"Yawwa," ya ce, yana murmushi ido a rufe, maƙogwaronsa na motsi kamar shi ke haɗiya. "Ita ce. Ƙara wani."

Ta ɗebo wani cokalin, ta sake farawa daga tsamin.